Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Ƙarƙashin Maɓallin Kibod?

Tun da na yi maganar kwamfutocin gwanjo kwanakin baya saƙonni ke ta shigowa, sai na lura yawancinsu ba a kan kwamfutar suke ba, a kan kibod ne da maɓallai. Na zaɓo kaɗan. Zan fara da na wata Hajiya, don ita da yatsu take cin abinci.

"Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da fotokwafi a Kubwa, ni da yarana biyu. Aikinmu furojet ɗin ɗalibai ne da takardun rantsuwa na kotu da na neman aiki. A shekara guda kibod uku muka yar. Ɗaya haruffansa sun goge, ɗaya sai an danna da ƙarfi, na ukun shayi ne ya zube masa. Ƙanena ya ce in sayi wanda ake ce wa makanikal. Na je na taya, na ga kuɗinsa zai sayi irin nawa guda da yawa. Ba asarar kuɗi ba ce kuwa?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba da kasuwa. In 'yan bola-jari ba su kwashe waɗanda kika yar ba, ki sa yaro ya ɗauko ɗaya ya kwance masa sukurorin baya. Gani ya kori ji.

Abin da za ki fara tararwa shimfiɗar roba ce mai ƙoƙuna a kife, kowane maɓalli da ɗan ƙoƙonsa. A ƙarƙashinta fallen leda uku ne. Ta sama da ta ƙasa an zana musu siraran layukan azurfa kamar zanen lalle, ta tsakiya kuwa babu komai jikinta sai huduji, aikinta ta raba sauran biyun. In kin danna harafi, ƙoƙon roba ya lotsa, ya tura ledar sama ta cikin hudar ta taɓa ta ƙasa, lantarki ya bi, harafi ya fito. In kin ɗaga yatsa, robar ta miƙe ta maido da maɓallin. Kibod ɗin ke nan gaba ɗaya, shi ya sa yake da araha.

Daga nan za ki gane cututtukan ukun da kika lissafa. Roba gajiya take yi, ta yi tauri ko ta yi lakwas ko ta tsage, kuma tun tana sabuwa harafi ba ya fita sai maɓalli ya kai ƙasa tik. Wanda ke bugu tun takwas na safe har la'asar, dukan bene yake yi da yatsunsa sau dubbai. Shayi kuwa tsakanin ledojin nan yake shiga ya kwanta, sukarin ya ci layin azurfa. Layi ɗaya haruffa da yawa yake ɗauka, shi ya sa za ki ga maɓallai huɗu ko biyar sun mutu rana ɗaya alhali sauran lafiya lau. Haruffan da suka goge fenti ne kawai aka buga a saman roba, gumin yatsa ya cinye shi. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Shi makanikal, kowane maɓalli da makunninsa na kansa, ɗan akwati wanda bai wuce ƙwayar sukari mai kwali ba. A cikinsa akwai turke mai kai kamar alamar tarawa, wanda hular maɓallin ke zama a kai, da sifirin na waya mai murɗi, da harsunan ƙarfe biyu masu ɗigon ruwan zinare a bakinsu don kada su yi tsatsa. In ba a taɓa maɓallin ba, ƙafar turken na tokare harshe ɗaya ta hana shi taɓa ɗan'uwansa. Da kin danna, turken ya zame ƙasa, ya saki harshen, su haɗu. Wannan ƙira kamfanin Cherry ne ya fito da ita a farkon shekarun 1980 da sunan MX. Kamfanin a Amurka aka kafa shi a 1953, daga baya aikinsa ya koma Jamus. Da wa'adin haƙƙin mallakar ƙirar ya ƙare, kamfanonin Sin irin su Gateron da Kailh da Outemu suka shiga yin nasu a kan wannan ma'auni, kuma su ne za ki fi tararwa cikin kibod ɗin da ke shagunan Banex da kasuwar Wuse a Abuja.

Abu biyu ne suka shafe ki a nan. Na farko, tafiyar maɓallin milimita 4 ce daga sama zuwa ƙasa, amma harafi na fita tun a milimita 2, wato a rabin hanya. Hannun da ya saba ba sai ya kai ƙasa ba, shafa kawai yake yi ya wuce. Na biyu, Cherry ta daɗe tana ƙiyasta wa makunninta dannawa miliyan 50, wasu sababbin ma miliyan 100, alhali mai ƙoƙon roba akan ƙiyasta masa miliyan 5 zuwa 10. Kada ki ɗauki lambar da aka rubuta jikin kwalin kwaikwayo kamar aya, amma tazarar da gaske take.

Za su tambaye ki launi, kuma ba ado ake nufi ba, launin turken ne ke nuna halinsa. Ja santsi ne daga sama har ƙasa, nauyin da bai wuce giram 45 ba ya isa ya tura shi. Ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a ƙafar turken, za ki ji ɗan cije a yatsa daidai inda harafi ya fita. Shuɗi an ƙara masa wata 'yar riga mai zamewa da kanta ta buga ƙasa ta ce ƙas. Ni dai ga mai buga takarda ruwan ƙasa nake zaɓa. Ja ya cika sauƙi, wanda ya saba ɗora yatsu a kan haruffa yana karanta rubutun hannun kwastoma zai ɗago ya tarar da layin "jjjjj". Shuɗi akwai daɗi ga mai bugawa, amma mutum uku a shago ɗaya, kan azahar kanki zai ɗauki ciwo.

Maganar ƙara ta tuna mini ofishin da na fara aiki, inda na tarar da wani tsohon mai buga takardu da ya taso da tafireta. Kibod ɗinsa IBM Model M ne, irin wanda aka fara ƙerawa a 1985, nauyinsa ya haura kilo 2. A cikin kowane maɓalli sifirin ne a tsaye, in an danna ya lanƙwashe farat ɗaya ya bugi jikin bututunsa, daga ƙofar ofis ana jin Baba ya fara aiki. Ranar da aka buɗe shi don a share, sai ga irin ledojin nan uku a ƙasansa. Ashe ba ledar ce babbar mai laifi ba, ƙoƙon robar ne ke saurin tsufa. Har yau wani kamfani mai suna Unicomp na ƙera irinsa a garin Lezintin na jihar Kentaki. Baba kuwa har ya yi ritaya bai yarda wani ya ɗora masa hannu a kai ba.

To, shawarata: kada ki sayi uku. Ki sayi ɗaya, ki ba wanda ya fi kowa bugu a cikinku, ku gani wata uku. Wurin saye ki nemi abu biyu. Ki ce kina son wanda ake zare makunninsa a mayar ba tare da dalma ba, masu shago na ce masa hot-suwap. Ki sa mai shagon ya zare guda ɗaya a gabanki da ɗan ƙarfen da ke cikin kwalin, kada ki tsaya ga faɗarsa. Irin wannan in harafin "a" ya mutu, makunni ɗaya za ki sauya cikin minti biyu, ko ki ciro na wani maɓallin da ba ku taɓa amfani da shi ba a saman can ki mayar. Sannan ki cire hula ɗaya ki juya ta. In kin ga roba kala biyu a cikinta, ɗaya ta ratsa ɗaya, to harafin zuba shi aka yi ba fenti ba, ba zai goge ba sai hular ta ƙare. In an samu hulunan da aka rubuta PBT a kwalinsu sun fi na ABS (duka biyun nau'in roba ne) jure maiƙon hannu, ba sa saurin yin sheƙi.

Shayi dai duka biyun ba su gagare shi ba. Makanikal ma ya fi tsoronsa, don fanel ne da shi a ciki. In ta faru, a zare waya nan take, a kife shi, kada a sake jona shi sai bayan kwana biyu. Ki nema wa kofin yaran wani tebur.

"Malam, ni ma'aikaci ne a Sakatariyar Tarayya. Nawa makanikal ne, shekararsa biyu. Yanzu harafin b da l sun fara fita bibbiyu. Na rubuta wa mahaifina saƙo Baba ya koma Babba. Maus ɗina ma in na danna sau ɗaya sai ya buɗe fayil kamar na danna sau biyu. Bairos ne?"

Ba bairos ba ne ɗan'uwa, kuma Baba ai babba ne, ba ka yi ƙarya ba. Ranar da kala ta koma kalla a takardar ofis ce za a yi rigima.

Duk lokacin da ƙarfe biyu suka haɗu da sauri, ba sa kamawa cak, sai sun ɗan yi tsalle-tsalle kamar ƙwallon da aka jefa a siminti. Wannan yakan ɗauki abin da bai kai kashi 5 cikin 1000 na daƙiƙa ba a makunni mai lafiya, kuma ƙwaƙwalwar kibod ɗin an koya mata ta kau da kai na ɗan wannan lokacin, ta ƙirga dannawa ɗaya. In ƙura ta shiga tsakanin harsunan ko bakinsu ya yi datti, tsallen sai ya daɗe ya wuce lokacin da aka ware masa, ƙwaƙwalwar ta ɗauka ka sake dannawa. Ka duba da kyau, ina zaton da hunturu abin ya fara. Ƙurar Abuja daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ga ta gine-ginen da ba sa ƙarewa, gari ce mai laushi da ke shiga inda ido ba ya gani.

Ka zare wayar, ka cire hular, ka danne turken ƙasa, ka hura da bulowa ta masu gyara. In bai daina ba, ɗiga biyu na sifirit mai ƙarfi irin na masu gyaran waya ta gefen turken, ka yi ta dannawa kamar sau hamsin, ka bar shi ya bushe sarai kafin ka jona. Kada ka zuba man keke ko man injin, kuma kada ka fesa turare wai ai shi ma sifirit ne. Na ga wanda ya yi, maɓallin ya yi ƙamshi ya kuma manne. In duk wannan bai yi ba, makunnin ya gama, a sauya shi kaɗai. Ko da irin na dalma ne, ƙafa biyu ce mai gyara zai narkar.

Maus ɗin ma ciwon ɗaya ne. A ƙarƙashin kowane ɓangare akwai ɗan akwati mai ɗigon maɓalli a kai, cikinsa siririn falle ne na tagulla da aka lanƙwasa, wanda ke tsallakewa daga wannan gefe zuwa wancan ya ce ƙit. Tsohuwar dabara ce, tun 1932 wani mai suna McGall ya ƙirƙiro ta a jihar Ilinoi ta Amurka, kuma ita ce a ƙofar na'urar ɗumama abinci ta makirowef. Da fallen ya gaji ko bakinsa ya yi datti sai ya fara ninka dannawa. In maus ɗin mai tsada ne, a sa masa sabon makunni, ƙafa uku ce. In na araha ne, kuɗin motarka zuwa wurin mai gyara ya kusa sayen wani.

"Ina sana'ar POS a bakin titi a Nyanya. Koren botin na injina da lamba 0 sai na danna da bayan biro suke shiga. Wani abokina ya ce in kawo ya buɗe ya goge, haka yake yi wa rimot."

Ƙanena, kada ka bari ya buɗe. Gaskiyar abokinka a kan rimot: ƙarƙashin kowane botin akwai baƙin ɗigon roba mai ɗaukar lantarki, maiƙo ke taruwa a kansa, a goge da auduga da sifirit ya dawo garau. Maɓallan injinka ma kusan haka suke, ko roba ko ɗan ƙoƙon ƙarfe mai lotsawa. Amma injin da ake buga lambar sirri a kai an gina shi da tarko a ciki. Akwai wasu ƙananan makunnai da murfin ke danne da su, da an ɗaga murfin sai injin ya goge makullan sirrinsa ya kulle kansa, don kada ɓarawo ya dasa abin satar lambobin mutane. Mai gyaran kan titi ba zai iya tayar da shi ba. Garin neman gira a rasa ido. Ka kai wa kamfanin da ya ba ka ko wakilinsu su sauya.

Kafin nan ka ajiye biron, shi ke huda robar. Kwastomomi masu dogon farce ma ka roƙe su su danna da tsokar yatsa. Kuma in za ka karɓi sabo aka ba ka zaɓi tsakanin mai botin da mai gilashi, ka tuna kai a rana da ƙura kake zaune: gilashi ba ya da ramin da ƙura za ta shiga, amma faɗuwa ɗaya daga kan tebur ta ishe shi, kuma batirinsa ya fi saurin shanyewa.

"'Yata ta samu Jami'ar Abuja, za ta zauna a Gwagwalada. An kawo mini laftof MacBook na hannu, siriri mai kyau, an ce ƙirar 2017 ne. In saya?"

Alhaji, Allah ya sanya albarka a karatun. Ka dakata tukuna. Yawancin laftof a ƙarƙashin kowane maɓalli akwai 'yan robobi biyu da suka gitta juna kamar almakashi, da ɗan ƙoƙon roba a tsakiya, tafiyarsa milimita 1 zuwa 2. A 2015 Apple ya kawo wata ƙira da ya kira malam-buɗe-littafi, mai fukafukai biyu da ke haɗe a tsakiya, tafiyarta ba ta kai milimita ɗaya ba, duk don kwamfutar ta ƙara sirancewa. Sai ya zama ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta tokare maɓalli ko ta sa ya riƙa ninka harafi. Kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta a 2018, ya fara komawa almakashi a ƙarshen 2019, ya gama a 2020, a 2022 kuma ya amince ya biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. Abin ya shafi MacBook mai inci 12, da MacBook Pro na 2016 zuwa 2019, da Air na 2018 da 2019. Air na 2017 almakashi ne, bai shiga ciki ba, don haka ka tambayi wanne ne aka kawo maka.

In mai malam-buɗe-littafin ne, ni ba zan kai shi ɗakin ɗalibai a Gwagwalada ba, inda zafi ke sa taga ta kwana a buɗe. Kibod ɗinsa a manne yake da jikin kwamfutar, ba abin da ake sauyawa da sauƙi ba ne. Kowace iri ka tsayar, ka sa yarinyar ta buɗe shafin rubutu a gaban mai sayarwa ta danna kowane maɓalli sau biyar, ɗaya bayan ɗaya, har da dogon na ƙasa ta gefen dama da hagu. In mai kaya ya fara duba agogo, ku ƙara nutsuwa.

Sai wasu guda uku da zan haɗa.

Wani matashi daga Gwarimpa yana son kibod mai fitilu kala-kala don wasan gem, yana tambaya ko fitilun na ƙara sauri. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Akwai kibod da yawa a kasuwa masu fitila da dogayen huluna waɗanda ƙoƙon roba ne a ciki. Ka cire hula ɗaya: in ba ka ga turke mai alamar tarawa da ɗan akwatinsa ba, tambaya ta kama ka. Abin da ya fi shafar mai gem shi ne ya danne maɓallai huɗu ko biyar tare duk su shiga, ka gwada a shagon. In kuɗi sun zauna maka, akwai masu maganaɗisu, waɗanda babu ƙarfen da ke taɓa ƙarfe a cikinsu, na'ura ce ke auna kusantowar maganaɗisun bisa abin da Edwin Hall ya gano a 1879. Su ba su san ciwon ninka harafi ba, kuma kai za ka saita zurfin da harafi zai fita.

Wata uwa daga Dutsen Alhaji tana tambayar wanda za ta saya wa ɗanta ya yi atisayen jarrabawar JAMB. Mama, mafi araha mai waya. Tun 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma a cibiyoyin irin na robar nan zai fi tararwa. Yawancin abin da zai danna A da B da C da D ne, sai N na gaba da P na baya. Gara hannunsa ya saba da irin wanda zai gani ranar.

Wani malamin Hausa kuma yana neman kibod mai ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Malam, makunni bai san harafi ba. Abin da yake faɗa wa kwamfuta kawai shi ne an danna maɓalli na kaza a layi na kaza, manhaja ce ke fassara shi. Windows na da tsarin Hausa cikin jerin harsunansa, akwai kuma manhajar Keyman kyauta. Ka saita, ka gano inda masu ƙugiyar suka faɗa a kibod ɗinka, ka yanko ƙananan takardu ka rubuta su ka manna da salatif a gaban hulunan, ta gefen da ke kallonka, ba a sama ba inda yatsa zai cinye su.